Langar da Yaya Take Ajiye Mini

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya in goge daga cikin abubuwan da na aikata a duniya, ba zan yi dogon tunani ba. Zan goge ranar da yayata ta turo mini langar abinci a gidanta na Gashuwa, na sa bayan hannu na mayar mata. Ban zage ta ba, ban ɗaga murya ba. Cewa kawai na yi na ƙoshi. Amma ni da ita mun san abin da hannun nan ya faɗa.

Yau da nake wannan rubutu cikina lafiya lau, Yaya tana raye, kuma Sallar da ta wuce na ci abincinta har na suɗe langar. Shi ya sa nake iya ba da labarin hankalina a kwance. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne sai firamare, don haka mai karatu ya yi haƙuri da yadda zan jero shi.

Mu asalinmu Haɗeja ne. Kakanmu ya zo Nguru fatauci, ya ga wuri ya zauna. Ni ne auta a ɗakinmu, kuma mahaifiyarmu ta rasu ban kai in riƙe kamanninta ba. Yaya ce ta goya ni, ita ta yaye ni, ita take wanke mini allo. Da na yi wayo aka yi mata aure a Gashuwa, gidan manoman attarugu da tattasai a bakin kogi. Tun daga nan har na yi furfura ba ta taɓa kiran sunana ba, Auta take ce mini.

Da na yi iyali sai na ɗora wa kaina wata al'ada. Ranar Babbar Sallah a yanka rago a rataye, washegari da safe a sassara, in ɗauki cinya guda in naɗe a buhu in hau mota zuwa Gashuwa in gaida Yaya. In yi azahar a can, in dawo kafin magariba. Duk ranar da na je, mazan gidan suna zagaye babban faranti a zaure, ni kuwa sai a shigar da ni ciki wurinta, ta jawo wata farar langa mai jan fure, wadda bakinta ya ɗan ɓantare, ta buɗe mini. Tuwon shinkafa ne mai laushi da miyar kuɓewa da kifi banda. Kullum shi ne. Ta zauna tana kallona ina ci, tana tambayar mutanen Nguru ɗaya bayan ɗaya, wa ya mutu, wa ya haihu. Na ɗauka girmamawa ce kawai irin ta ɗan ɗaki, ban taɓa tambaya ba.

Sana'ata wankin hula. A wajenmu mutum zai iya maimaita tsohuwar riga ranar idi, amma hula dole ta tsaya cak tana ƙyalli. Aikin ba wuya gare shi ba, lokaci yake ci. A jiƙa ta, a goge da buroshi, a sa sitaci, a ɗora a gungumen katako daidai girman kan mai ita, a kai rana ta bushe, sannan a buge ta. Ba a yi wa rana gaggawa. Mutane kuwa ba sa tuna hularsu ta yi dauɗa sai Sallah ta matso. Na cikin gari su kawo, na Karasuwa su kawo, har 'yan Kumagannam in sun shigo kasuwa sai su juye mini a leda su ce za su aiko a karɓa. Ni kuma Allah bai ba ni bakin cewa a'a ba. Kowa ya miƙo sai in karɓa in ce, "In sha Allahu jajibiri."

To ga yadda nake wuce makon nan. Da asuba in fita ban karya ba. In jefa goro a baki, in aika a kawo shayi mai kauri, shi ke nan har la'asar. Ruwa ba na sha sosai don kada ya riƙa tayar da ni daga kan aiki. In na ji bayan gida sai in danne, in ce bari in gama wannan. In na dawo gida a gajiye sai in haɗa abincin yini guda in danna a zama ɗaya, mai da yaji, in kwanta a kai. Barcin ma rabi ne, ina kwance ina tuna hular wa na ɗora a gungumen wa. Yara su gan ni su bi bango. Maiɗakina ta yi magana in hau ta da faɗa. Ranar Sallah kuma, cikin da ya yi mako bai ga abinci a kan lokaci ba, sai in buɗe masa soyayyen kayan ciki da kitse da lemon kwalba, in bi gidajen 'yan'uwa da surukai, ko'ina a ajiye mini kwano, ko'ina in ci, don ƙin ci raini ne.

Washegari sai Gashuwa. A hanyar dawowa cikin yake tashi. Ya kumbura kamar ganga, ƙwarnafi ya taso har maƙogwaro, ya riƙa murɗawa, daga baya ya ɓalle da gudawa. In yi kwanaki a haka sannan ya lafa. Shekara da shekaru ina shan kanwa ina cewa nama ne.

Sai wata magana ta shigo tsakani. Ɗan Yaya na fari ya nuna yana son babbar 'yata, Yaya kuma ta aiko tana murna, tana so a ƙara ɗaure zumunci. Na tambayi yarinyar, ta ce ita kallon wa take yi masa, kuma karatun aikin asibiti take so. Ban tilasta mata ba, wannan ban yi nadamarsa ba. Inda na yi rauni shi ne ban je da ƙafata na faɗa wa Yaya ba, saƙo na aika. Da Sallah ta matso, ga tulin huluna, ga fargabar yadda zan haɗa ido da ita. Na je, ta karɓe ni kamar kullum, ba ta ko tayar da zancen ba. Na ci tuwona na kamo hanya. Ba mu kai Jajimaji ba sai da na roƙi direba ya tsaya, na ruga bayan wata bishiyar kargo, fasinjoji suna jira. Ciwon shekarar nan ya fi na kowace shekara.

Ina da maƙwabcin rumfa mai sayar da turare, abokina ne, mun tsufa tare muna tsokanar juna. Da na fito kasuwa ina dafe da ciki, ya leƙo ya ce, "Sarkin hula, yau kuma wa ya matse ka ya shanya?"

Na ce, "Ciki ne. Kullum bayan Sallah sai ya yi mini haka."

"Kullum?"

"Kullum. In na dawo daga Gashuwa."

Ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. "A can ɗin, tare kuke ci da mutanen gidan?"

"A'a, nawa daban take zuba mini."

"Daban." Ya dube ni. "Kuma bana da ka hana su yarinya ya fi tsanani."

"Me kake nufi?"

"Ni? Ni turare nake sayarwa. Ban ce komai ba."

Ya koma rumfarsa. Ba mugun mutum ba ne, bakinsa ne ba ya zama. Na tabbata kafin la'asar ya manta ya faɗa. Ni ne na ɗauki maganar na kai gida, na kwana da ita, na tashi da ita. Me ya sa nawa daban? Me ya sa take zama tana kallona har in gama? Abin da na sani tun ina saurayi a matsayin ƙauna, cikin 'yan kwanaki na juya shi ya zama shaida.

Na faɗa wa maiɗakina. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, matar da ta tauna abinci ta sa maka a baki kana jariri, ita ce za ta jira sai ka yi furfura ta ba ka wani abu? Ka nemi tsari da wannan tunani."

Na ce mata ba ta san duniya ba.

Sallah ta zagayo na tafi da cinyar rago kamar yadda na saba. Yaya ta tare ni da fara'a. "Auta, sannu da hanya. Ka rame. Hulunan mutane ne suke cinye ka?" Ta jawo langar ta buɗe, tururi ya tashi.

Na ce, "Na ƙoshi, Yaya."

"Ka ƙoshi da me, iskar mota? Matso ka ci."

"Wallahi na ƙoshi."

"Ko loma biyu ka yi, tun safe nake kansa."

Ta ƙara turo langar har ta taɓa gwiwata. Nan ne na sa bayan hannu na tura ta baya. Ba ta dubi fuskata ba, hannun ta duba. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗauki murfi ta rufe a hankali ta ce, "To. Allah ya ƙara ƙoshi." Muka yi hirar da ba ta da daɗi, na tashi tun kafin la'asar.

A hanya cikin ya tashi kamar kullum, alhali ko ruwan gidan ban sha ba. Mai hankali da nan ya gane. Ni kuwa sai na ce abin da aka ba ni a baya ne ya zauna a ciki, yana motsawa in lokacinsa ya yi.

Daga shekarar na daina zuwa. Cinyar rago dai ban fasa ba, sai in ba wani direba da na sani ya kai. Ɗan Yaya ya auri wata ya haihu, yana zuwa Nguru yana gaishe ni, ba abin da ya dame shi. Ni kuma na shiga neman magani. Jiƙe-jiƙe, saiwoyi, abin da ake turarawa, abin da ake lasa, ba wanda ban gwada ba. Wani jiƙon ma shi ya ƙara kwantar da ni. Kowace Sallah ciki yana nan a kan bakansa. Kuma wani abu ya ƙaru, Sallah ta daina yi mini daɗi. Ana kabbara a filin idi, ni tunanina yana Gashuwa, rabi tsoro, rabi kewa.

'Yar tawa ta gama karatunta ta kama aiki a wani ƙaramin asibiti. Ita Allah ya sa ta warware mini. A shekarun nan Babbar Sallah ta shigo damina, abin da duk mai wankin hula yake tsoro. Wata rana ana saura kwanaki Sallah, ta biyo ta rumfata da rana ta kawo mini abinci daga gida. Ta same ni a duƙe, hannu ɗaya a ciki, ido a sama. Hadari ya rufe gari, huluna jere a gungume a jiƙe, masu su kuma sun fara leƙowa.

Ta ce, "Baba, cikin ne?"

"Shi ne."

"Yaushe ya fara?"

"Tun da hadarin nan ya fara haɗuwa."

Ta ajiye kwanon ta zauna a bencina. "Bana ka ci abincin Gwaggo ne?"

Na dube ta. Ban san uwarta ta faɗa mata ba.

"Bara fa, ka ci? Bara waccan fa?" Ta yi murmushi kaɗan don ta sassauta. "Baba, Sallah ma ba ta zo ba. Ragonmu yana gida a ɗaure yana cin dusa. Cikinka ya riga kowa yin Sallah."

Na ce, "Ke yarinya ce."

"Na yarda. Me ka ci yau tun safe?"

Na nuna mata ɓawon goro da kofin shayi. Ta buɗe kwanon ta zauna sai da na ci.

Bayan Sallah ta matsa sai da na bi ta babban asibiti. Aka yi gwaje-gwaje, aka ɗebi jini, aka duba abin da ake dubawa. Likitan ya ce alhamdu lillahi babu gyambon ciki, babu wani mugun abu. Sannan ya sa na ba shi labarin makon Sallata daga farko har ƙarshe. Yana ji yana gyaɗa kai. Ya ce, "Baba, ka taɓa jin mummunan labari cikinka ya ɗuri ruwa?" Na ce sau da yawa. Ya ce to haka abin yake, ciki da ƙwaƙwalwa a haɗe suke, kullum suna aika wa juna saƙo. In mutum yana cikin damuwa da gaggawa, jiki yakan ajiye aikin narka abinci gefe, wani cikinsa ya ɗaure, wani ya sake. In aka haɗa da yunwa da goro da rashin ruwa da rashin barci, sannan a kawo kitse a zuba a kai rana ɗaya, ai cikin ya yi haƙuri ma da bai fi haka ba. Ya ba ni ɗan magani na ƙwarnafi, ya ce sauran maganin yana hannuna. Ya kuma ja kunnena cewa in na taɓa ganin jini, ko na ga ina ramewa ba dalili, ko ciwon ya ƙi tafiya, kada in tsaya jiƙo, in dawo.

Na fito ban gama yarda ba. Mutum in ya shekara da shekaru yana riƙe da zargi, sakinsa ba sauƙi, don in ya saki sai ya ga abin da ya yi. Na ce bari in gwada Sallah guda in gani.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rage karɓar aiki. Maiɗakina ce ta kawo dabara. Ta ba ni igiyar shanya ta ce in ɗaura daga wannan ginshiƙin rumfa zuwa wancan, duk hular da na karɓa in maƙala a jiki. Ranar da igiya ta cika, karɓa ta ƙare. Ta ce, "Tunda kai ba ka iya cewa a'a ba, bari igiya ta faɗa maka."

Haka aka yi. Igiya ta cika tun Sallah da ɗan nisa. Wani Alhaji da na daɗe ina yi wa wanki ya zo da nasa a makare. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, igiya ta cika."

"Wace igiya? Ni da kai sai igiya ta shiga tsakani?"

"Ga ta nan kana gani. In na karɓa zan yi maka alkawarin da ba zan cika ba. Ga wani can layin masu takalma, hannunsa yana da kyau."

Ya tafi yana ƙunƙuni. Mai turare yana jinmu ya ce, "Sarkin hula ya yi murabus, igiya ta hau gado." Na zauna ina jiran sama ta faɗo. Ba abin da ya faru. Alhajin ya je idi da hula a kansa, bayan Sallah ma ya dawo mini da wasu.

Sauran abubuwan ƙanana ne, har kunya nake ji in lissafa. Ba na fita sai na sha kunu ko koko a zaune. Na ajiye jarkar ruwa kusa da ƙafata. Goro sai bayan na ci abinci, shi ma ɓari ɗaya. In rana ta take in ajiye buroshi in ci abin da aka kawo, ina taunawa kamar mai hankali. In jiki ya ce in zagaya, in zagaya. Bayan la'asar in ɗan taka zuwa wajen tsohon layin dogo in dawo, ba don komai ba sai don ido ya bar kan hula. In hadari ya taso, maimakon in tsaya ina kallonsa ina ƙuna, sai in kwashe gungumen in shigar, in faɗa wa mai hula gaskiya. In na yi isha'i in kwanta. Abin da yake damuna kuma na koyi faɗa wa maiɗakina da baki, maimakon in juye shi a kan yara.

Ranar Sallah na ci nama, ban ce ban ci ba. Amma kaɗan, mara kitse, da kwaɗon zogale a gefe, da yamma na sha kindirmo. Gidajen da na shiga gaisuwa, in an kawo kwano sai in yi loma ɗaya ta albarka in ce a ƙulle mini sauran in kai wa yara. Ba wanda ya ji haushi. Wasu ma daɗi suka ji, ashe su ma a cike suke da abincin da ba su san yadda za su yi da shi ba.

Da yamma ina zaune a ƙofar gida sai na lura da wani abu. Ba na jin cikina. Ba kumburi, ba murɗa, ba ƙuna. Na danna shi da hannu, shiru. Wanda bai taɓa ciwon ciki na shekaru ba ba zai san daɗin wannan shirun ba. Na yi hamdala, na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Ban gama jin daɗin ba sai hoton hannuna a jikin langa ya faɗo mini.

Washegari na naɗe cinyar rago, ban nemi direba ba. Maiɗakina ta gan ni ina sa hula, ba ta tambaya ba, ta ce kawai, "Ka gaida Yaya." A mota ina tunanin ko za ta karɓe ni, ko ta sa a ce ba ta nan, sai na ji cikin ya fara motsi. Har dariya ta kusa kama ni. Ga shi dai ban ci abincin kowa ba, tsoro ne tsagwaronsa. Na kurɓi ruwa, na ja numfashi a hankali kamar yadda 'yata ta koya mini, na yi ta salati har muka shiga gari.

Na same ta a rumfar tsakar gida a kan tabarma. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta, idon ma ya yi rauni. Na yi sallama na durƙusa.

Ta ce, "Wane ne?"

"Ni ne, Yaya."

"Masu ni ne suna da yawa."

"Auta ne."

Ta juyo da fuskarta wajena. Sannan ta ce, "Direban ba shi da lafiya ne bana?"

Na fara haɗa maganar da na shirya tun daga Nguru, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta kira matar ɗanta ta ce, "Baƙo ya zo daga nesa. A kai shi zaure ya ci tare da maza. Cikin na kowa za a zuba masa, kada a ce." Ashe ta sani. Nguru da Gashuwa ba nisa, magana tana hawa mota kamar yadda cinyar rago take hawa.

Na tashi na bi ɗanta zaure. Karo na farko ke nan da na sa hannu a farantin gidan. Shinkafa ce da miya ja wur. Na yi bismilla na kai loma. Ban haɗiye ba na ji kamar an cusa mini garwashi. Ido ya kawo ruwa, hanci ya kawo, shaƙuwa ta kama ni, na yi ta tari ina lalubar moɗa. Mazan gidan suna ci abinsu kamar kunun zaƙi.

Ɗan Yaya yana miƙo mini ruwa yana danne dariya ya ce, "Kawu, wannan ai mai sauƙi ne. Saboda baƙi aka rage yau."

Daga cikin gida na jiyo dariyar Yaya, tana yi har tana tari. Ta aiko a kira ni. Na koma ina share hawaye da hannun riga.

Ta ce, "Ka ji abincin gidanmu? Haka muke ci tun ranar da aka kawo ni. Ni ma sai da na shekara ina kuka kafin na saba." Ta gyara zama. "Kai kuma cikinka tun kana ƙarami shi yake riga ka jin tsoro. Duk ranar da Malam zai karɓi hadda, zawo kake kwana yi. Da za a kawo ni gidan nan, sai da aka yi ta wanke maka wando. Ni ban san cikin nan ba? Na san in ka zo mini washegarin Sallah a dagule yake, ka yi mako kana faɗa da hulunan mutane. Shi ya sa nake ɗora maka 'yar tukunya daban, ba attarugu, ba kitse. Ina kallonka kana ci ne don in ga ko zai zauna."

Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, ki yafe mini. Na zalunce ki."

"Ka zalunce ni mana." Ta miƙa hannu bayanta, ƙarƙashin wani zane, ta jawo langar. Farar nan mai jan fure, ɓantararren bakin yana nan. Ta turo ta har ta taɓa gwiwata. Da ɗuminta.

Na ce, "Kin san zan zo ne?"

"Ina zan sani? Kowace shekara nake dafawa. In la'asar ta yi ban gan ka ba, jikoki su cinye suna mita wai ba daɗi. Buɗe ka ci kada ya huce. Yafewa tun ranar na yafe, haushin ne bai gama fita ba, shi ma yanzu attarugu ya rama mini."

Na buɗe na ci. Tana zaune tana kallona da ɗan idon da ya rage mata, tana tambayar mutanen Nguru, wa ya mutu, wa ya haihu. Tambayoyin sun taru, sai da muka kai magariba, na kwana a can. Washegari na dawo gida, motar ba ta tsaya don ni ba ko sau ɗaya.

Da na ba mai turare labari, ya buɗe baki ya ce, "Ni na ce haka? Sarkin hula, ka ji tsoron Allah." Na gaskata shi, ya manta. Ban riƙe shi ba, don shi furtawa ya yi ya wuce, ni na reni maganar.

Har yanzu igiyar tana ɗaure a rumfata. Cikin yakan ɗan yi magana in Sallah ta matso, amma yanzu na san yarensa, sai in zauna in ci abinci, in sha ruwa, in rage gudu.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan guda ɗaya ne. In biki ko Sallah ta zo cikinka ya rikice, ka fara duba yadda ka wuce kwanakin da suka gabata, me ka ci, me ka hana kanka, me ka ɗora wa ranka, sannan ka je a duba ka. Kada ka fara da zargin hannun da ya ba ka abinci. Ni na yi, kuma na yi sa'a na tarar da Yaya da rai, langar da ɗumi. Kada ka yi irin nawa kana jiran irin sa'ata.